'Yan Mileniyal: Tsarar da Ta Ga Jiya Ta Ga Yau

Mileniyal suna ne da ake kiran mutanen da aka haifa tsakanin 1981 da 1996, bisa iyakar da cibiyar bincike ta Pew da ke birnin Washington ta shata, wadda aka fi aiki da ita a yau. Tushen sunan wata kalmar Turanci ce mai nufin shekara dubu, domin na farkon wannan tsara sun kai munzalin girma daidai lokacin da duniya ke shiga shekara ta 2000. Marubuta biyu 'yan Amurka, William Strauss da Neil Howe, su suka raɗa sunan a 1987, bayan da aka lissafa cewa yaran da aka haifa a 1982 su ne za su gama sakandare a 2000. Sun faɗaɗa bayanin a littafinsu na 1991, sannan suka keɓe wa wannan tsara littafi sukutum a 2000. Akwai wani sunan da ya ɗan yi kishiya da shi, Tsarar Y, wanda mujallar 'yan talla ta Advertising Age ta fito da shi a 1993, amma bai yi ƙarko ba.

Batun tsara ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Waɗanda aka yi wa kaciya tare, suka zauna gaban malami ɗaya a makarantar allo, su ne sa'o'in juna har tsufa. Masana zamantakewa sun ɗauki irin wannan tunani suka shimfiɗa shi a kan ƙasa baki ɗaya. Karl Mannheim, haifaffen Hangari, ya bayyana a wata maƙala ta 1928 cewa abin da ke ɗaure tsara wuri guda shi ne manyan al'amuran da suka riske ta tana ƙuruciya, lokacin da icce yake ɗanye. A kan wannan ma'auni aka jera tsararrakin Amurka: waɗanda aka haifa cikin yawan haihuwar da ta biyo Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1946 zuwa 1964, sai Tsarar X, daga 1965 zuwa 1980, sai 'yan Mileniyal, sai ƙannensu, Tsarar Z, daga 1997.

To me ya riski 'yan Mileniyal suna ɗanye? Na farko shi ne harin 11 ga Satumban 2001. A ranar, ƙaraminsu yana da kimanin shekara 5, babbansu 20, wato kusan kowannensu yana iya tuna abin, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Pew ta tsayar da iyaka a 1996. Sun tashi cikin yaƙe-yaƙen Afganistan da Iraƙi, kuma ƙuri'unsu sun taka rawa wajen zaɓen Barack Obama a 2008.

Na biyu, wanda ya fi kowane fita fili, shi ne fasahar sadarwa. Ɗan Mileniyal ya san duniya kafin intanet ta game gari. Ya ga kaset da ake juyawa da biro, ya ga wayar girke, ya rubuta wasiƙa ya liƙa kan sarki. Yana cikin samartaka abubuwa suka sauya a gabansa ɗaya bayan ɗaya: Facebook a 2004, YouTube a 2005, Twitter a 2006, iPhone a 2007, WhatsApp a 2009. Iyayensa sun koyi waɗannan abubuwa da girmansu, da ƙyar da jiɓin goshi. Ƙannensa kuwa sun buɗe ido sun tarar da waya a hannun kowa, ba su san wata rayuwa ba sai ita. Shi ne ya tsaya a tsakiya, ƙafa ɗaya a can, ƙafa ɗaya a nan. A al'ada dattijo ake cewa ya ga jiya ya ga yau, amma saurin sauyin ya sa wannan tsara ta cancanci kirarin tun kafin ta yi furfura. Wanda ya kafa Facebook ɗin ma, Mark Zuckerberg, ɗan 1984 ne.

Na uku shi ne tattalin arziki, kuma a nan ne yawancin halayen da ake jingina musu suka samo tushe. A watan Satumban 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe, duniya ta faɗa cikin karayar arziki mafi muni tun ta shekarun 1930. Rashin aikin yi a Amurka ya kai kashi 10 cikin ɗari a watan Oktoban 2009. Daidai wannan lokaci ne miliyoyin 'yan Mileniyal suka fito daga jami'a da takardu a hannu, suka tarar da kasuwa ta watse. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa wanda ya fara aiki a lokacin karaya yakan yi shekara da shekaru albashinsa na bayan na wanda ya fara a lokacin yalwa. Ga kuma bashi a wuya. Sun fi duk tsararrakin da suka gabace su yawan masu digiri, musamman mata, waɗanda suka zarce maza, amma karatun jami'a a Amurka da rance ake yinsa, kuma jimillar bashin ɗalibai ta haura dala tiriliyan 1.5 kafin 2020. Suna fara farfaɗowa, annobar korona ta sake rufe kasuwanni.

Daga nan sauran abubuwa suka biyo. Aure ya yi jinkiri: a 1960 namijin Amurka kan yi auren fari yana wajen shekara 23, mace tana wajen 20, zuwa 2019 ya koma wajen 30 ga namiji, 28 ga mace. Haihuwa ta ragu, sayen gida ya yi nisa. Pew ta gano cewa a 2014, a karon farko cikin fiye da shekara 130, 'yan shekara 18 zuwa 34 da ke zaune a gidan iyaye sun fi waɗanda ke zaune da abokin aure ko masoyi a gidansu na kansu yawa. Ga mai sauraron da ya tashi a babban gida, inda ɗa kan yi aure a yanka masa sashe kusa da na mahaifinsa, wannan ba abin magana ba ne. A Amurka kuwa, inda ake sa ran yaro ya kama gabansa da zarar ya kai 18, abin gori ne. Ta fuskar addini ma sun ja baya: binciken Pew na 2019 ya nuna huɗu cikin goma na 'yan Mileniyal ɗin Amurka ba su danganta kansu da kowane addini.

Gorin kuwa sun sha shi. A 2006 masaniyar halayyar ɗan Adam Jean Twenge ta wallafa littafi tana cewa son kai da ji da kai sun ƙaru a tsakaninsu, kodayake wasu takwarorinta sun yi jayayya da hujjojinta. A watan Mayun 2013 mujallar Time ta sa su a bangonta, ta siffanta su da ragwaye masu ganin komai haƙƙinsu ne. A 2017 wani attajiri mai gina gidajen sayarwa na Ostareliya, Tim Gurner, ya ce da matasa za su daina kashe kuɗi kan burodi da fiya da kofi mai tsada, da sun mallaki gidaje. Maganar ta zama abin dariya a duniya, domin ko ɗan firamare ya buga lissafi zai ga kuɗin karin kumallo ba ya sayen gida a Sidni. Haka zargin cewa ba sa zama a wurin aiki guda: da Pew ta gwada su da Tsarar X a daidai shekarun da suke, sai ta tarar ba su fi su yawan sauya aiki ba.

Sunan dai riga ce da aka ɗinka a Amurka, ba kowa take yi wa daidai ba. A Sin, tsarar da aka haifa bayan 1980 dokar haihuwar ɗa ɗaya da bunƙasar arziki ne suka siffanta ta. A Sifaniya da Girka rashin aikin yi tsakanin matasa ya haura kashi 50 cikin ɗari a wajen 2013. A Tunisiya, Mohamed Bouazizi, mai sayar da kayan marmarin da ya cinna wa kansa wuta a watan Disamban 2010 har guguwar sauyi ta tashi a ƙasashen Larabawa, haifaffen 1984 ne. A Nijeriya, wanda aka haifa a waɗannan shekaru ya tashi cikin matsin shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 da mulkin soja, ya ga dawowar farar hula a 1999 da zuwan wayar salula a 2001, ya yi layi a kafe don duba sakamakon jarrabawa, yajin aikin malaman jami'a ya tsawaita masa karatu. A Nijar kuwa taron ƙasa na 1991 da karya darajar sefa a 1994 su ne alamomin ƙuruciyarsa. Wayar hannu ta haɗa su da takwarorinsu na Amurka, amma ja da baya daga addini da aka gani can ba halin wannan yanki ba ne.

Masana da dama suna ɗari-ɗari da wannan rabon tsara gaba ɗayansa. Matsalar ita ce rarrabe abu uku: abin da shekarun mutum ke jawowa, abin da zamani ke yi wa kowa, da abin da ya keɓanta ga tsara. Rashin haƙurin ɗan shekara 25 hali ne na ƙuruciya, kuma babu tsarar da dattawanta ba su yi kuka da "yaran zamani" ba. Tazarar shekara 15 ma ba wasa ba ce: ɗan 1981 ya yi sakandare babu waya a aljihu, ɗan 1996 kuwa yana da shekara 11 iPhone ta fito. A 2020 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoton da ya ce babu gamsasshiyar hujjar tafiyar da ma'aikata bisa rabon tsara, kuma a 2023 ita kanta Pew ta sanar cewa za ta rage amfani da waɗannan sunaye.

Har yau akan ji ana cewa Mileniyal da nufin yara, alhali na farkonsu sun cika 40 tun 2021. A 2019 yawansu a Amurka ya kai miliyan 72, suka zama tsarar manya mafi yawa a ƙasar. Wasu 'yan wannan tsara ma sun kai ga manyan muƙamai: Yarima Muhammad bin Salman na Saudiyya ɗan 1985 ne, Ibrahim Traoré na Burkina Faso ɗan 1988, shi kuwa J.D. Vance, wanda aka rantsar mataimakin shugaban Amurka a watan Janairun 2025, an haife shi a 1984.