Ramukan Kuza na Jos: Gadon da Turawa Suka Bari

Duk matafiyin da ya tashi daga Jos ya bi ta Bukuru zuwa Barikin Ladi ba zai rasa ganin tafkuna barkatai ba, kowanne da tsibin jar ƙasa a bakinsa. Baƙo sai ya zaci halitta ce. Alhali kuwa ramukan kuza ne, waɗanda kamfanonin Turawa suka haƙa, suka kwashe abin da ke ciki, suka tafi ba su cike ba.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwe suna narka kuza, fatake suna kai ta kasuwanni. Labarinta ne ya jawo ma'aikatan Kamfanin Neja zuwa bakin kogin Dilimi a 1902, kuma zuwa 1914 har an shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya don jigilarta. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar yaƙi, sai aka ɗora wa talakawan Arewa aikin dole. An kwaso dubban mutane daga larduna zuwa kan dutse, inda sanyi da yunwa da cuta suka halaka da dama kafin a soke abin a 1944.

Amma gadon da ya fi ramukan nauyi shi ne doka. Dokar ma'adinai ta 1916 ta mallaka wa Sarkin Ingila duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka manomin Birom yana ji yana gani a ba kamfani gonar kakanninsa, a sallame shi da 'yar diyya. Da aka sami mulkin kai a 1960 ba a taɓa tushen wannan doka ba. Mai mallaka kurum aka sake, Gwamnatin Tarayya ta gaji gidan sarautar Ingila. Haka abin yake har yau a sashe na 44 na tsarin mulkin 1999.

Bayan da kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985, manyan kamfanonin suka durƙushe. Yanzu samari ne ke shiga ƙarƙashin ƙasa da diga da shebur, mata suna wankin yashi a bakin tafki, wani lokaci rami ya rufta da mutane. Abin da suka tono kuwa a hannun dillalai yake ƙarewa, mafi yawansa a fita da shi ƙasashen waje ɗanye.