Ina Za a Kai Ƙazantar Gari?

Mai karatu, in kana zaune a Mai Wurno ko wani ƙauye na bakin Kogin Nilu, ka ga yadda gidaje suke ta ƙaruwa. Inda mutane suka yi yawa, masai yakan cika da wuri. Tilas gari ya ware wurin da za a tara ƙazanta a gyara ta. Amma ba kowane fili ya dace ba.

Ka tuna, ruwan da ya wuce Mai Wurno yana gangarawa arewa zuwa madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925. Daga can yake shiga magudanan gonakin Jazira. Abin da ka bari ya shiga kogi, ɗan'uwanka ne zai sha. Ta haka kwalara take yaɗuwa. Ƙwan tsargiya kuma yana fita cikin fitsari da bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ruwa, tsutsar ta shiga katantanwa, daga nan ta huda fatar yaro mai wanka.

Hanya mai sauƙi ita ce a haƙa tafkuna a jere. A na farko dauɗa takan kwanta. A na gaba, rana da gansakuka suna kashe ƙwayoyin cuta cikin 'yan makonni. Ba a bukatar inji.

Kafin a sa diga, ku duba abu huɗu:

1. Wurin ya kasance ƙasa da inda ake ɗiban ruwan sha, ba sama ba.
2. Kada ya zama inda kogi ke malala a watan Agusta da Satumba.
3. A nisanta shi da gidaje, kamar mita 500, a lura da inda iska ke bi.
4. A bar fili a gefe, domin gari zai ƙara girma.

Ƙasarmu baƙar laka ce. Tana riƙe ruwa, amma da rani takan tsage, don haka a daɓe gindin tafki sosai. A kewaye shi saboda yara da dabbobi, a riƙa nome ciyawar baki don kada sauro ya hayayyafa.

A gidanka kuwa, masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya.

Ran da mai unguwa ya kira taro kan fili, ka je ka yi magana. Bayan an haƙa, gyara yana da wuya.