Wasan Waya Ya Ƙi Cika Fuska: Laifin Salula Ne Ko Na Masu Ƙera Wasan?

Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Birnin Konni zuwa Illela, akwai wata rigima da masu sayar da wayar salula suka sani sarai. Mutum zai sayi sabuwar waya, ya biya a tura masa wasanni, ya tafi gida. Washegari sai ga shi rai a ɓace, wai wasan ya tsaya a tsakiya da baƙin fili sama da ƙasa, ko kuwa maɓallin farawa ya shige ƙarƙashin kyamara. Nan take zai ce jabu aka sayar masa, a maida masa kuɗinsa. Alhali sau da yawa wayar lafiyarta lau.

To ina matsalar take? Fuskar waya ɗigo-ɗigo ce na haske, waɗanda ake kira piksel. Duk lokacin da aka buɗe wasa, sai ya tambayi wayar faɗinta da tsawonta, sannan ya shimfiɗa hotunansa bisa amsar da ya samu. Tamkar tela ne da awo: in awon ya kuskure, riga ba za ta zauna a jiki ba komai kyan yadin.

Idan ba mu manta ba, Nokia 3310 ta shekarar 2000 ɗigo 84 a 48 kawai take da su. Da aka shiga zamanin wasannin Java, sai da kamfanoni suka riƙa fitar da wasa ɗaya kala-kala: na 128 a 160 daban, na 240 a 320 daban. Tsofaffin masu turi za su tuna yadda suke tambayar lambar waya kafin su zaɓi wanda zai shiga.

Wayar Android ta farko, HTC Dream ta 2008, tana da 320 a 480. A 2009 kamfanin Google ya kawo tsarin da ke la'akari da girman fuska da kuma cunkoson ɗigonta, domin waya biyu na iya zama girma ɗaya a ido amma yawan ɗigonsu ya bambanta. Sai dai hakan bai kashe wutar ba. A 2012 iPhone 5 ta ƙara tsawo, tsofaffin wasanni suka fito da baƙin fili. A 2017 kuma Samsung Galaxy S8 ta zo da doguwar fuska, irin wannan matsala ta sami wasannin Android da aka yi wa awon 16 a 9. Da yawa daga cikin wayoyin Tecno, Itel da Infinix da ke shagunanmu kuwa 720 a 1600 ne, wato 20 a 9.

A 2017 ɗin dai iPhone X ta yayata yankan kyamara a saman fuska, kuma a 2018 Android 9 ta bai wa masu ƙera wasa hanyar tambayar inda yankan yake. Wasan da ya cika fuska bai yi wannan tambaya ba, shi ne ke ajiye maɓalli a ƙarƙashin kyamara. Haka nan awon fuska iri biyu ne: na dukkanta, da na abin da ya rage bayan an cire layin maɓallan ƙasa. In wasa ya ɗauki wanda bai dace ba, sai ka taɓa nan ya amsa a can. Wayoyi masu naɗewa irin Galaxy Fold ta 2019 kuwa, girmansu kan sauya ana tsakiyar wasa, dole a sake awo.

Abin da ya fi shafar ƴan kasuwa shi ne turi. Tun watan Agustan 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajoji a Play Store wani tsari da ke rarraba su kashi-kashi, kowace waya ta sauke rabon da ya dace da fuskarta da injinta. Saboda haka wasan da aka kwafo daga wata waya ta Xender ko katin memori yana iya zuwa a gutsure, ko da awon wayar farko. Wanda ya daɗe ƙwarai cikin kwamfutar mai turi kuwa, mai yiwuwa bai ma san da dogayen fuskoki ba.

Don haka shawararmu ga ƴan uwa ita ce, a gwada wasa a gaban mai saye, a tsaye da kuma a kwance, kafin ya bar shago. In ya ƙi zama, a goge shi a sauko da sabo daga Play Store. A duba saitin fuska kuma, domin wayoyi irin su Samsung suna da wurin umartar manhaja ta cika fuska. Idan hoto da bidiyo da sauran manhajoji suna fita daidai, wasa ɗaya ne kawai ya karkace, to a nuna wa mai saye da idonsa cewa ba wayar ba ce. Amma in komai ya karkace, ko wayar na ikirarin awon da bai yi daidai da na kwalinta ba, a nan ne ya kamata a tuhumi dilan da ya kawo kayan.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Minti biyar na gwaji ya fi asarar ciniki da ɓacin suna a kasuwa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.