Tuwo da Miya: Gurbin Cima, Motsa Jiki da Zumunci Wajen Shawo Kan Ciwon Sukari a Ƙasar Wushishi

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, idan aka ce abinci to tuwo ake nufi. Miya mahaɗi ce kawai, kuma wanda ya ci ganye da kifi ba tare da tuwo ba, sai ya ce bai ci kome ba tun safe. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa shawo kan ciwon sukari nau'i na biyu ya dogara ne a kan juya wannan tsari, wato a rage tuwo a yawaita miya, kuma hakan ba ya yiwuwa ga majinyaci shi kaɗai sai da hannun iyali da abokan zama. An ɗauki ƙasar Wushishi ta Jihar Neja a matsayin misali, domin yanki ne na fadamun kogin Kaduna, mai albarkar shinkafa da doya da kifi. Duk wanda aiki ya kawo shi nan daga Kano ko Katsina zai lura cewa shinkafa da sakwara sun fi yawa a akushi fiye da yadda ya saba gani a gida.

2.0 Ma'anar Cutar

Duk abinci mai sitaci, kamar shinkafa da masara da dawa da doya da rogo, yakan narke a ciki ya koma sukari, ya shiga jini. Wata gaɓa da ke bayan tumbi ita ke samar da sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sukarin cikin tsoka domin ya zama ƙarfi. A nau'i na biyu na cutar, jiki yakan daina saurarar insulin yadda ya kamata, daga baya kuma gaɓar ta gaji. Sai sukari ya taru a jini, ya riƙa cin jijiyoyi a hankali har ya taɓa idanu da ƙoda da zuciya da ƙafafu. Alamominta sun haɗa da yawan fitsari da ƙishirwa da kasala da gyambon da ya ƙi warkewa, amma mutum yana iya shekaru da ita bai sani ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya miligiram 126, a awon da aka yi kafin karin kumallo, a matsayin iyakar da ke nuna cutar. A ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta 2021, manya kimanin miliyan 537 ne ke ɗauke da ita, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 nau'i na biyu ne.

3.0 Gyaran Akushi

Ba a ce majinyaci ya zauna da yunwa ba. Abin da masana ke koyarwa shi ne ya raba kwanonsa gida huɗu: biyu na ganye, ɗaya na kifi ko ƙwai ko nama ko wake, ɗaya kacal na tuwo ko shinkafa. Abin farin ciki, kayan da ake bukata ba baƙi ba ne a kasuwannin Wushishi da Zungeru. Akwai zogale da rama da alayyafo da yakuwa da kuɓewa da kuka da gauta, ga kifin kogi, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli da awara. Kwaɗon zogale, wanda wasu ke ɗauka abincin marasa hali ne, ya fi malmalar tuwo uku amfani ga mai wannan cuta.

Abin sha ya fi abin ci yaudara. Lemon kwalba da shayi mai sukari da koko da kunu da fura suna hawar da sukari cikin hanzari, tun da ba su bukatar tauna. Haka nan zuma da rake da dabino mai yawa. Akwai kuma kuskuren da ya yaɗu cewa acca da alkama magani ne, don haka a ci iya ci. Gaskiyar magana su ma hatsi ne masu sitaci, kuma yawan abin da aka zuba shi ne abin lura.

Amfanin wannan gyara ba zato ba ne. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2017, ya nuna cewa kashi 46 cikin 100 na majinyatan da aka ɗora a kan tsarin rage ƙiba ta hanyar taƙaita abinci, sukarinsu ya sauka ƙasa da iyakar cutar bayan shekara ɗaya ba tare da ƙwaya ba.

Sai dai wajibi ne a yi hattara. Mai allurar insulin, ko mai shan ƙwaya irin gilibenkilamid, idan ya rage tuwo bai sanar da likita ba, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa da miligiram 70, ya ji rawar jiki da gumi da jiri, har ya suma. Haka mai ciwon ƙoda da mai juna biyu da mai niyyar azumin Ramadan, duk sai sun nemi shawarar likita tukuna.

4.0 Motsa Jiki

A da, rayuwar kanta motsi ce: noma da daka da ɗiban ruwa da tafiyar ƙasa zuwa kasuwa. Yau babur ya maye gurbin ƙafa, injin niƙa ya karɓi aikin turmi, manomi kuma da zarar kaka ta wuce sai zaman inuwa. Tsokar da ke aiki takan zuƙi sukari daga jini, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa a kwanaki biyar. Binciken ƙasar Finlan na 2001 da na Amurka na 2002 duk sun nuna cewa gyaran cima da motsa jiki sun rage haɗarin kamuwa da cutar da kashi 58 cikin 100 ga waɗanda ke bakin kamuwa. Tafiya masallaci da ƙafa, ko zagayen tsakar gida na minti goma bayan cin abinci ga matan da ba su fita, duk suna cikin lissafi. Mai shiga fadama kuma ya sa takalmi, ya duba ƙafarsa kowane dare, domin cutar tana kashe jin zafi, ƙaya ta soke shi bai sani ba.

5.0 Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

A nan ne al'ada ke da ta cewa. Bahaushe ba ya cin abinci shi kaɗai. Magidanta sukan yi ciyayya a zaure, kuma mayar da kwano da saura yana iya zama abin zargi ga matar da ta girka. A wurin biki ko suna, ƙin karɓar lemo kan zama kamar raini. Saboda haka wanda ya ɓoye ciwonsa don kunya, kullum sai ya karya doka. Mataki na farko shi ne a zo asibiti tare da mai girki, domin ludayin yana hannunta.

Mataki na biyu shi ne majinyata su haɗa kai. Al'ummar da ta san gayya da adashi ba ta bukatar a koya mata taimakon juna. Mutum biyar ko shida na unguwa ɗaya suna iya yin karo-karo su sayi na'urar awon sukari, kowa da tsinken allurarsa, su riƙa fita tattaki bayan sallar asuba, su tuna wa juna ranar ganin likita, ko a gida ko a Babban Asibitin Minna. Nasihar wanda ya ɗanɗana ciwon ta fi shiga kunne, musamman wajen hana ɗan'uwa jefar da ƙwayarsa don wani mai tallar magani ya yi masa alkawarin waraka.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ciwon sukari nau'i na biyu cuta ce da ake iya zama da ita lafiya, idan an rage tuwo, an yawaita miya, an motsa jiki, an kuma riƙe maganin likita. Babban aikin yana cikin madafa da zaure, ba a asibiti kaɗai ba. Ya kamata malamai da masu unguwanni da ƙungiyoyin mata su sa baki, har a wayi gari rage malmala ya daina zama abin kunya, tun da lafiya ita ce uwar jiki.