Shin Ko Kun San Yadda Injin Fotokwafi Ke Buga Gaba Da Baya?

Shin ko kun san injin fotokwafi ba ya buga fuska biyu lokaci guda? Yawancin injinan fuska ɗaya kawai suke iya bugawa! To, yaya ake samun gaba da baya? Juya takardar yake yi, kamar yadda mai waina ke juya ta a tanda.

Ku sa ido wata rana. A injina da yawa takarda za ta leƙo waje kamar an gama, sai ku ga an zuƙe ta ciki wuf! Robobin da ke tura ta ne suka juya da baya. Sai ta bi wata hanya ta daban, ta dawo a kife, a buga mata ɗaya fuskar.

Abin da ya fi burge ni shi ne manyan injina ba sa zaman jira. Kafin takarda ta farko ta gama zagayowa, har an fara buga ta biyu. Takardu da dama na yawo a ciki lokaci guda, kuma ba wadda ke karo da wata!

Wajen ɗaukar hoton fa? Wasu injinan na da ido biyu, sama da ƙasa. Wucewa ɗaya, an karanta gaba da baya.

Kun san tawadar injin ba ruwa ba ce? Gari ne! Da zafin da ke kusan digiri 200 ake narka ta a jikin takarda. Shi ya sa kwafi ke fitowa da ɗumi. A gaba da baya kuwa sau biyu takarda ke shan wannan zafi, sai ta lanƙwashe. Idan ta sha danshin damina, nan da nan take maƙalewa.

Ga lissafi: takardar A4 ta yau da kullum giram 5 ce. Rim guda mai takarda 500, kilo biyu da rabi ke nan. Littafi mai shafi 1,000 rim biyu zai ci, amma gaba da baya rim ɗaya ya isa!

Ga ɗan tarihi: Chester Carlson ne ya yi kwafin farko da irin wannan fasaha ranar 22 ga Oktoba, 1938, a New York ta Amurka. Injin Xerox 914 na 1959 kuwa ya kusa kilo 300, kwafi 7 kacal a minti. Saboda yawan ƙona takarda, har da ɗan abin kashe gobara aka riƙa haɗa shi!