Ƙwaƙwalwar Kwamfuta: Sauri da Farashinsa

Ɗalibin da ke atisayen jarrabawar JAMB a Trikania, wadda tun 2015 ake rubuta ta da kwamfuta, ba ya ganin abin da ke yi masa lissafi. Wani ɗan guntun silikon ne da ake kira furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Masu tsara shi kullum cikin ciniki suke: in sun nemi ƙarin sauri, sai su biya da zafi, ko cin lantarki, ko haɗarin kuskure.

Alal misali, a 1993 kamfanin Intel na Amurka ya fitar da Pentium mai taransista miliyan 3.1. Domin ya riƙa raba lambobi da sauri, sai aka dasa masa wani jadawali da yake dubawa, kamar yadda ɗalibi ke duba jadawalin sau. Gurabe 1,066 ya kamata a cike, amma aka tsallake biyar. A 1994 wani malamin lissafi, Thomas Nicely, ya gano aibin. Mai karatu ya gwada raba 4,195,835 da 3,145,727. Amsar ita ce 1.33382, amma Pentium ya ba da 1.33374. Wannan 'yar tazara ta ci wa Intel dala miliyan 475 wajen musanya wa jama'a furosesa, domin kuskuren da aka riga aka sassaƙa cikin silikon ba ya goguwa.

Wata dabarar sauri kuma ita ce hasashe: furosesa kan yi tsammanin umarnin da zai zo, ya soma aiki kafin a ba shi. A 2018 masana suka bayyana aibin da suka kira Spectre, inda ɓarawo kan iya bin sawun wannan hasashe ya tsinci bayanan sirri. Toshe ƙofar kuwa ya rage wa kwamfutoci da yawa sauri.

Sai kuma zafi, wanda duk mazaunin Kaduna ya sani a watan Afrilu. Furosesa mai gudu yakan ɗau zafi, har ya rage wa kansa sauri don kada ya ƙone. Shi ya sa wayoyin hannu suka rungumi tsarin ARM, wanda aka ƙirƙira a Ingila a 1985, mai tsimin batir.

Saboda haka, malamin da zai zaɓa wa makaranta kwamfuta kada ya tsaya ga sauri kaɗai. Ya tambaya: me aka sadaukar kafin a same shi? Hausawa dai sun ce sauri kan haifi nawa.