Yadda Ake Haɗa Risiba da Sifikoki Domin Sinima a Cikin Falo

Risiba ita ce akwatin da komai ke ratsawa a tsarin sinima na gida. Tana karɓar hoto da sauti daga dikoda, da na'urar faifan Blu-ray, da na'urar wasa irin PlayStation ko kwamfuta. Sai ta warware sautin da aka naɗe cikin fim, ta ƙara masa ƙarfi, ta ba kowace sifika rabonta, hoton kuma ta miƙa wa talabijin. Ta bambanta da ƙaramin saiti mai sifikoki biyar da ake sayarwa a kwali ɗaya, domin ita kaɗai ake saye, sifikokin a zaɓe su daban, a canza su duk lokacin da hali ya samu.

Lambar da aka fi gani a jikin kwali ita ce 5.1. Biyar ɗin na nufin sifikoki biyar: biyu a gaba, hagu da dama, ɗaya a tsakiya, biyu a gefen mai kallo. Ɗayan da ke bayan ɗigo shi ne na wufa, wadda ke fitar da sauti mai kauri irin na tsawa da rugugin mota. Daga gidajen sinima tsarin ya fito. Dolby Digital ya shiga sinima a 1992 da fim ɗin Batman Returns, DTS ya biyo baya a 1993 da Jurassic Park, kafin faifan DVD ya kai su gidajen jama'a. A 2012 aka fito da Dolby Atmos, wanda ya ƙara sifikoki a sama. Wanda ya ga 5.1.2, to lambar ƙarshe ta sifikokin silin ce.

Babban abin da ke gyara sauti ko ya ɓata shi shi ne inda aka ajiye sifikoki, kuma nan ne akasarin masu saye suke sakaci. Sau da yawa akan jera sifikoki biyar reras a kan kanta ɗaya gefen talabijin saboda gudun jan waya. Wanda ya yi haka ya biya kuɗin biyar amma sautin biyu yake ji. Ƙa'idar da Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta shimfiɗa ta ce sifikokin gaba su kasance a kusurwar digiri 30 hagu da dama daga kujerar mai kallo. A sauƙaƙe, tazarar da ke tsakanin sifikokin biyu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kujera, a ɗan karkato da fuskarsu wajen mai zama, tsayinsu kuma ya dace da kunnensa idan yana zaune. Na gefe wurinsu tsakanin digiri 100 zuwa 120 ne, wato gefe su ɗan koma baya, a ɗaga su kaɗan sama da kai don kada su riƙa bugun kunnen wanda ya fi kusa.

Sifikar tsakiya ta cancanci kulawa ta musamman, domin kusan duk maganar 'yan wasa daga cikinta take fitowa. Wurinta daidai ƙarƙashin talabijin ko samansa, bakinta a gefen kanta, ba a tura ta can cikin kabad ba. Idan tana ƙasa da yawa, sai a ɗan ɗaga gabanta ta fuskanci kunne. Ƙorafin da aka saba ji, cewa kiɗa da harbi sun cika falo amma ba a jin abin da ake faɗa, galibi daga nan yake tasowa. Mai ƙaramin ƙarfi gara ya sa kuɗinsa a sifikokin gaba uku masu kyau, na gefe su jira.

Wufa ba ta da wannan tsauri, saboda kunnen ɗan Adam ba ya saurin gane daga ina sauti mai kauri yake zuwa. Sai dai ɗaki na yi mata tasiri ƙwarai: a lungu takan yi gunji fiye da kima, a wani wurin kuma ta ɓace. Masu aikin suna da dabara. A ɗora wufar a kan kujerar da ake zama, a kunna kiɗa mai kauri, a zagaya jikin bango a durƙushe ana saurare. Inda aka ji sautin ya fito tsaf babu dambarwa, nan ne mazauninta.

Wajen haɗa wayoyi, a fara da cire risiba daga wuta. Kowace sifika tana da ƙafa biyu, ja da baƙa, haka ma bayan risiba. Ja ta tafi ja, baƙa ta tafi baƙa. Idan aka juya ɗaya, babu abin da zai ƙone, amma sifikokin za su riƙa yi wa juna kishiya, kaurin sauti ya ragu, murya ta rasa matsaya. Abin da ke kawo ɓarna shi ne silin tagulla ɗaya da ya zame ya taɓa ƙafar da ke kusa. Risiba za ta riƙa kashe kanta, wani lokaci ma ta lalace. Wayar tagulla mai kaurin 1.5 mm² ta isa falo, babu buƙatar waya mai tsadar gaske. A kuma duba lambar om da ke bayan sifika: 6 da 8 kusan kowace risiba tana ɗauka, amma 4 tana jan wuta sosai, sai an tabbatar littafin risibar ya yarda da ita. Game da wat kuwa, dubban da ake bugawa da manyan haruffa da alamar PMPO ado ne na talla. Lambar RMS ita ce abin dubawa, kuma wat 50 zuwa 100 ga kowace sifika sun wadaci falon gida.

Na'urori duka risiba suke shiga ta wayar HDMI, sannan waya ɗaya ta fita daga risiba zuwa talabijin. Idan ana kallon Netflix ko YouTube daga manhajar talabijin kanta, dole sauti ya komo baya zuwa risiba. Wannan aikin ramin da aka rubuta wa ARC ne, wanda ya zo da HDMI 1.4 a 2009, ko eARC na HDMI 2.1 da aka fitar a 2017, wanda ke ɗaukar sautin da ba a matse ba. Sai an sa wayar a wannan rami a ɓangarorin biyu, an kuma kunna saitin CEC a talabijin, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG kuma SimpLink. Tsohon talabijin da ba shi da ARC sai a yi amfani da wayar haske ta Toslink. Tana ɗaukar Dolby Digital da DTS, amma ba ta ɗaukar Atmos. A cikin dikodar DStv ko wata na'ura ma a duba an zaɓi Dolby Digital, in ba haka ba sautin hagu da dama kawai za ta aiko.

Bayan haɗi sai saiti. Yawancin risibobi na zuwa da ƙaramin makirufo: Denon da Marantz suna aiki da Audyssey, Yamaha da YPAO, Pioneer da MCACC. A kafa makirufon daidai tsayin kunne a wurin zama, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a yi tsit. Risiba za ta aika ƙara ta kowace sifika ta auna nisanta da ƙarfinta. Nisan yana da muhimmanci, domin sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Sifikar da ta fi kusa sai an ɗan jinkirta ta kafin duka su iso kunne tare. Idan an gama, a koma a duba sakamakon. Muddin akwai wufa, ya fi kyau a sa sifikoki a Small ko da manya ne, a ajiye mahaɗar sauti, wato iyakar da sauti mai kauri ke komawa wufa, a 80 Hz kamar yadda kamfanin THX ya ba da shawara. Hakan na sauke wa risiba nauyi, ya bar wa wufa aikin da aka ƙera ta dominsa.

Falo mai tayil da bangon siminti yana mayar da amo, magana ta riƙa cakuɗewa. Kafet tsakanin talabijin da kujera, da labule mai kauri, sukan gyara abin da babu wani saiti da zai gyara.

Wuta ita ce babbar barazana ga risiba a Najeriya da Nijar. Wutar ƙasashen nan tsakanin bolt 220 ne zuwa 230, alhali risibar da aka ƙera domin Amurka ta 120 ce. Masu sayen 'yar gwanjo su karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta kafin su jona, domin kuskure ɗaya ya isa ya ƙona ta; irin wannan sai da taransifoma mai rage wuta. Sitabilaiza da na'urar kare hawan wuta sun zama dole, kuma a kashe risiba kafin a sauya daga wutar gwamnati zuwa janareta. Zafi ma abin lura ne. Risiba na fitar da zafinta ta ramukan sama, don haka kada a ɗora mata dikoda ko a lulluɓe ta da mayafi tana aiki, a bar mata sarari sama da gefe. Lokacin hunturu ƙura na toshe ramukan, sai a riƙa sharewa da burushi mai laushi.

A amfanin yau da kullum, shirye-shirye da yawa sautin hagu da dama kawai gare su. Dolby Surround ko Pro Logic II zai baza su zuwa sifikoki biyar, ya kai murya tsakiya. Idan magana na fitowa kafin baki ya motsa, akwai wurin daidaita jinkiri a risiba. Da dare kuma akwai saitin da ke rage ƙarfin fashewa ya ɗaga magana, don kada a tashi yara da maƙwabta. Ƙarar da ta haura desibel 85 tana cutar da ji idan aka daɗe cikinta, kuma yaran da ke zama dab da sifika su suka fi shiga haɗari. Idan magana ba ta fita sosai, a ƙara wa sifikar tsakiya desibel 2 ko 3 ita kaɗai, maimakon a murɗa ƙarar gaba ɗaya.